Masu kwafar hoto daga waya, da wannan za ku shiga jami'a?

Ƙannena masu neman gurbin karatun zane da ƙira, abin da ke yawo a shafukanku na Facebook da TikTok kwanakin nan ya isa a yi magana. Yaro zai ƙure hasken waya, ya ɗora takarda a kai, ya bi layin fuskar wani mawaƙi ko ɗan siyasa, ya cike da fensir, ana ta zuba masa "Masha Allah, baiwa ce". Da wannan tarin kwafe-kwafen yake sa ran shiga sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Haba!

Kayan aro ba ya rufe katara. Hoton da kuke kwafa, kyamara ta riga ta yi babban aikin, ta ɗauki abu mai kauri da zurfi ta baje shi a shimfiɗe. Wannan bajewar ce ido da hannu ke shekaru suna koyo. Shi ya sa makwafi, in aka ajiye masa buta da kofi a kan tebur, sai ya zana bakin kofin a kewaye sak, alhali daga inda yake zaune siffar ƙwai yake gani. Gindin kofi ya miƙe sambal, inuwa ta faɗi ko'ina. A ajin farko kuwa abin da ake yi ke nan: a jera kaya ko a zaunar da mutum, a ce bismillah. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kayan aikin ba su kai kuɗin datar da kuke ƙonawa kuna hira har asuba ba. Fensir HB da 2B da 4B da 6B (HB ya fi tauri da haske, 6B ya fi laushi da baƙi), takarda A3, allon jingina. Miƙa hannunka gaba ɗaya riƙe da fensir, rufe ido ɗaya, sa babban yatsa ka auna faɗin butar, ka ga sau nawa ya shiga tsayinta. In ka lanƙwasa hannu tsakanin awo biyu, awon ya ɓaci. Fara da HB sama-sama. Wanda ya danna 6B tun farko zai yi ta gogewa har takardar ta ƙuje ta daina karɓar inuwa. Haske ya fito daga gefe ɗaya. Tsayin baligi kusan kansa bakwai da rabi ne, idanu kuma a tsakiyar kai suke, amma sabon hannu kullum sai ya haura da su kusa da goshi. Wanne daga cikin waɗannan kwafa ta koya maka?

Cutar ta bi ku har kwamfuta. A ɗauko tsarin wani a manhajar ƙira ta Canva, a sauya suna, shi ke nan an zama mai ƙira. Sai an kai maɗaba'a asiri ya tonu: an yi aikin da launin RGB na allo, injin kuwa da launukan tawada na CMYK yake bugawa, shuɗin nan mai ƙyalli ya fito a dushe. Hoton da aka tsinto bai kai 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci) ba, ya farfashe. Ba a bar rarar milimita 3 a gefe ba, wuƙa ta yanka ta bar farin layi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ga ƙin duba kundin JAMB a san darussan da sashen ke nema, sai a miƙa wa mai shagon intanet ya zaɓa.

Wallahi abin da ciwo. A Zariyar nan a 1958 su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suna ɗaliban zane, suka ƙi yarda su zama makwafan Turawa. Ladi Kwali da ke jikin naira 20, hannunta ya ƙware a ginin tukwane tun tana yarinya, kafin ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Bature Michael Cardew a 1954. Magina masu zanen dagi a bangon soro, masu ɗinkin aska takwas, marinan Ƙofar Mata, yaronsu kan daɗe yana kwaɓa ƙasa ko zare allura kafin a bar shi ya taɓa aikin mutane. Yau mako biyu da sayen fensir an buɗe shafi, an fara karɓar kuɗin mutane.