Su wa suka fara kiran ma'aikatan Meziko?

Malam mai rahoto, sannu da ƙoƙari. Sai dai ka nuna kamar jiya-jiya 'yan Meziko suka fara shiga Amurka, kuma gina katanga a kan iyaka ne maganin abin. Ni dai ban yarda ba.

Kafin 1848 ai jihohin Kalifoniya da Nebada na Amurka duk ƙasar Meziko ce, da yaƙi aka karɓe su. A 1942 kuma, da samarin Amurka suka tafi yaƙin duniya gonaki suka rasa masu aiki, gwamnatinsu da kanta ta ƙulla yarjejeniyar Bracero da Meziko don a kawo mata ma'aikatan gona. Zuwa 1964 an sa hannu kan kwangila sama da miliyan 4. Abin da ke ci mini rai shi ne irin tarbar da aka yi musu: a sa mutum ya tuɓe, a fesa masa maganin ƙwari DDT, a duba tafin hannunsa ko akwai kanta, don a tabbatar manomi ne. Sai a miƙa masa fartanya mai gajeriyar ƙota, ya wuni a sunkuye. Duk wanda ya taɓa noma ya san abin da wannan ke yi wa ƙugu. Sai 1975 Kalifoniya ta hana aiki da irin wannan fartanya.

Ana tsakiyar wannan, a 1954, aka shiga kame a Amurka ana korar 'yan Meziko.

Katanga kuwa, da aka toshe iyaka ta wajen birnin San Diyego na Kalifoniya a 1994 ba a daina zuwa ba, hamadar Arizona aka koma, ƙishirwa tana kashe bayin Allah. Haka muka gani a Agadas bayan dokar hana safarar baƙin haure ta 2015, direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyin hanya don gudun jami'an tsaro.