Ga 'Yan'uwana da Muka Sha Kaye Tare

'Yan'uwana matasa da muka yi wahalar kamfe tare, an bayyana sakamako, kuma Allah bai ba mu ba. Na san zafin da ke ranku, domin irinsa ne a nawa. Amma kafin kowa ya kama gabansa, akwai bashin godiya a wuyanmu, kuma yanzu ne lokacin biyansa.

Ku tuna wakilinmu na rumfar zaɓe. Tun asuba ya fito, ya wuni tsaye cikin rana. Dare ya yi ana ƙirga ƙuri'a da fitilar waya, yana ji ana kiran jam'iyyar abokan hamayya a jere kafin a kira tamu sau ɗaya, jama'a suna ihu suna yi masa dariya. Bai gudu ba, sai da ya karɓi kwafin takardar sakamako ya kawo ofis. Ku tuna matan da suka bi gida-gida har muryarsu ta dishe, da direban da ya ba da motarsa bai tambayi kuɗin mai ba. Da mun ci, da godiya ta yi arha, a lasifika ma za a yi ta. Yanzu da babu kujera babu muƙami ne za su gane ko don Allah muke tare da su. Kar ku tura musu saƙon nan guda da ake watsa wa mutum ɗari a WhatsApp. Kira mutum da bakinka, ka ambaci ainihin abin da ya yi, ka ce Allah ya saka. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba, bai gode wa Allah ba.

Sannan don Allah ku kama bakinku game da masu zaɓe. Ina ganin wasunmu suna rubuta cewa talaka ya sayar da 'yancinsa, ya je ya ji a jikinsa. Sayen ƙuri'a gaskiya ne, ba na musu. Amma da yawa sun saurare mu tsaf, suka auna, suka zaɓi wani. Haƙƙinsu ne. Mutumin da ka zaga yau, da wane ido za ka koma ƙofar gidansa bayan shekara huɗu?

Abin da ya fi zagi amfani shi ne mu zauna da takardun sakamako, rumfa bayan rumfa. A nan za ku ga unguwar da muka cika fili ranar gangami, amma akwati ya fito fayau: taron tsintsiya, ba shara. Nawa ne cikin masu tafa mana suke da katin zaɓe? Nawa suka fito? A ina ne ba mu da wakili ko ɗaya? Wannan ilimin ba a samun sa a aji, kuma wanda ya ci zaɓe ba kasafai yake tsayawa ya neme shi ba.

Wanda yake ganin an yi maguɗi, ga kotu nan, ya tattara hujja. A Ghana, Nana Akufo-Addo ya ƙalubalanci zaɓen 2012, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2013 ba yadda ya so ba, ya karɓa, ya dawo ya ci a 2016. Ɗaya hanyar kuwa mun ga inda take kaiwa: rikicin bayan zaɓen 2011 a arewacin Najeriya ya ci rayuka fiye da 800, kuma bai sauya ƙuri'a ko ɗaya ba.

Za a yi ta ba ku labarin Muhammadu Buhari da ya faɗi a 2003 da 2007 da 2011 kafin ya ci a 2015, ko Mahamadou Issoufou na Nijar da ya nema sau huɗu kafin ya samu a 2011. Haka ne, amma ba zan yi muku alkawarin da ba a hannuna yake ba. Malam Aminu Kano ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979 bai samu ba, ya rasu a 1983 bai hau kujerar ba, kuma har gobe 'yan siyasa na neman a jingina su da sunansa. Saboda haka mai shirin sauya sheƙa ya tambayi kansa tukun: abin da ya riƙa faɗa wa jama'a a wata shida da suka wuce, ya yarda da shi ko kuwa aikin haya ne?

Ku leƙa ɗan takararmu. Wayarsa ta daina ƙara, masu cika masa falo sun watse. Ku gaishe shi ba tare da kun roƙi komai ba. Kuma kafin a rufe ofis, mu matsa wa shugabannin kamfe a biya duk wakilin da bai karɓi haƙƙinsa ba, da mai buga fasta da yake bin mu kuɗi. Waɗanda muka manna wa fasta a bango kuma, mu je mu cire da hannunmu, mu ba su haƙuri.