Tarihin Sakkwato bai tsaya a ƙofar Hubbare ba

Duk baƙon da ya zo Sakkwato, Hubbare yake fara nufa. Nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake kwance tun 1817, 'yarsa Nana Asma'u kuma tana kusa da shi. Wurin yana samun kulawa, kuma ya cancanta. Amma in ka fito ka ratsa lungunan Gidadawa da Kanwuri a ƙafa, za ka ga tarihi yana zubewa ba mai cewa uffan.

Gidadawa fa sunan Waziri Giɗaɗo ta ci, mijin Nana Asma'u, wanda ya sauki Baturen nan matafiyi, Clapperton, a 1824, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Zaurukan irin waɗannan unguwanni su ne makarantun da suka yaye malaman garin nan.

Ana gab da damina na zauna a wani tsohon zaure a cikin gari. Waje rana tana ƙuna, ciki kuwa sanyi kamar bakin randa, ba fanka ba komai, kaurin bangon tubali ne kawai. Sai dai da na ɗaga kai, azara biyu sun lanƙwasa, indararo ya karye, ruwan bara ya ci katangar har ya yi mata kwari. Mai gidan ya ce, "Bana in Allah ya hore, bulo zan sa, in huta."

Ban ga laifinsa ba. Ginin ƙasa sai da yaɓe kusan kowace shekara, maginan da suka iya ɗaurin guga (rufin soro mai baka) da haɗa makuba (shafen bango na ɓawon ɗorawa) sun tsufa, 'ya'yansu sun koma siminti. Ga rabon gado: gida ɗaya, magada goma sha, kowa ya yanki nasa ya buga kwano. Wanda ɗakinsa ke yoyo ba a ce masa ya yi haƙuri don tarihi.

Shi ya sa nake ganin shafa wa Ƙofar Rini ko Ƙofar Marke fenti bai isa ba. Gwamnati da fada su sa cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu ta bi unguwa-unguwa ta rubuta tsofaffin gidajen da suka rage. Sannan a ɗauke wa masu su kuɗin yaɓe da azara, bisa sharaɗin ba za su rushe zaure ba, a kuma haɗa kowane tsohon magini da yaran da zai koya wa.

Zauren da na zauna ɗin nan, in an bar shi haka, ba na jin zai kai damina biyu.