Ni da ƙwallon mangwaro da akuyar Hajiya

Likita ya dubi tumbina, ya dubi takardar gwajin jini, ya ce daga yau in riƙa lissafin abin da ke shiga cikina. Shi ne fa na sayo ɗan sikelin kicin mai batir, na sauke manhajar ƙirga kalori a waya, na biya ta 'Yan Lemo na ciko leda da mangwaro da ayaba da kankana.

Manhajar ta ce giram 100 na mangwaro kalori 60 ne, na ayaba 89, kankana kuwa 30 kacal. Sai dai duk lissafin nan na tsoka ne zalla, abin da zai wuce maƙogwaro. Ɓawon ayaba kaɗai ya kai kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyinta. Ita dai ba ta da rigima, ka ɓare ka ɗora. Mangwaro ne ɗan matsala, don ni ba zan yanka shi gutsi-gutsi kamar a otal ba. Mangwaron da ruwansa bai gangaro har gwiwar hannu ba, ai ba a sha shi ba. Dabarar kuwa ita ce ka auna shi ɗungurungum, ka sha, sannan ka auna ɓawo da ƙwallo ka debe.

Ranar Asabar da hantsi na baje a tsakar gida. Na ɗora wani jibgege, sikeli ya nuna giram 310. Na sha na more, na jera ɓawo da ƙwallo a faranti, na tafi wanke hannu don kada in ɓata waya. Kafin in dawo akuyar Hajiya ta lamushe ɓawon tas, autana kuma ya cafke ƙwallon yana ta tsotso. To yanzu nawa ya shiga cikina, nawa ya shiga cikin akuya?

Na bi yaro da gudu. "Baba ai ka gama!" Na zare ƙwallon daga bakinsa, ya tsala ihu, ni kuwa na durƙusa na ɗora shi a kan sikeli da yawunsa da komai. A haka Hajiya ta fito ta same ni.

"Innalillahi! Ƙwallon mangwaro kake ƙwace wa yaro a baki? Ko mahaifinku da ake ce wa mai riƙo bai kai nan ba."

"Hajiya, likita ne ya ce..."

"Likitan ne ya ce ka auna shara?"

Maimakon uwargida ta cece ni, sai ta leƙo daga kicin tana danne dariya. "Hajiya, jiya ma cikin dare ɓawon kankana na iske shi yana aunawa da tocilan."

Hajiya ba ta ƙara cewa uffan ba, tagumi kawai ta zuba.

Bayan sallar isha'i ta aiko a kira ni. Ga kofin rubutu, ga dabino bakwai da malam ya yi wa tofi. "Cinye su yanzu a gabana." Dabino fa! Giram 100 nasa kalori wajen 280 ne, ya ninka mangwaro fiye da sau huɗu. Na saci kallon ƙofa inda sikelina yake, ta watso min harara. Na yi bismillah na cinye, ina dunƙule ƙwallayen a hannun hagu, da nufin in auna su in ƙiyasta sauran.

Ta miƙo tafin hannu. "Su ma ba ni."