Hidimar da ba a karanta sunan mai yin ta a sanarwa

'Yan'uwana a cikin Almasihu, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu a ikkilisiyoyinmu, kuma ya kamata mu gaya wa juna gaskiya a kanta. Idan aka zo zaɓen dattawa ko na shugabannin Zumuntar Mata ko na matasa, majami'a takan cika maƙil, har da waɗanda aka daɗe ba a ga ƙeyarsu ba. Amma ranar da aka ce ana neman wanda zai kwana da wata gwauruwa da ke kwance a asibiti, sai kowa ya sunkuyar da kai yana buɗe Littafin Waƙoƙi.

Mu ne kuwa muke ɗaga hannu ranar Lahadi muna cewa mun miƙa rayuwarmu duka ga Ubangiji. To, wane ɓangare muka miƙa? Mun ba shi muryarmu domin ana jin ta, mun ba shi baikon godiya domin za a kira sunanmu a tafa, amma yammacin Asabar ɗinmu, da kuɗin mota zuwa gidan mara lafiya, da girman da muke ji da shi, waɗannan mun riƙe abinmu. Ubangijin da muke bi ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na Yahuza wanda ya san zai bashe shi, mu kuwa share majami'a ya zama aikin da ya fi ƙarfin matsayinmu.

Matasa da yawa sukan ce ba su san kiransu ba, suna jiran mafarki ko annabci. Ina jin tausayinku ƙwarai, domin zaman rashin aiki yakan sa mutum ya ga kamar ba shi da amfani. Sai dai ku duba Dokas ta Yafa a Ayyukan Manzanni sura 9. Ba a rubuta mana wa'azinta ko ɗaya ba, riguna take ɗinka wa gwauraye, kuma da ta rasu, rigunan nan ne gwaurayen suka nuna wa Bitrus suna kuka. Istifanas ma da rabon abinci ya fara.

Ku tuna kuma yadda bishara ta iso mana. 'Yan mishan Walter Gowans da Thomas Kent sun sauka Legas tare da Rowland Bingham a 1893, a shekarar da ta biyo baya Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida, ba su ga ikkilisiya ko ɗaya da idonsu ba. Asibitin mishan na Galmi da ke Nijar yana karɓar marasa lafiya tun 1950. Wa zai iya lissafa waɗanda suka wanke raunuka suka kwashe bahaya a can duk shekarun nan?

Dattijo, yaushe rabonka da gidan marayun da ka yi wa mahaifinsu jana'iza? Mama, wannan yarinyar da ta daina zuwa sujada tun da ta yi ciki, kin neme ta, ko kuwa zancenta kawai ake yi? Ina roƙonku saboda Allah, kafin Lahadi mai zuwa kowa ya taka zuwa gida ɗaya, ya ɗebo ruwa, ya yi wanki, ya zauna ya saurara. Kuma don Allah a bar waya a aljihu, kada a ɗauki hoton kowa.