Wane harshe mai son aikin fassara zai koya?

Duk wanda ya ce yana son fassara ta zame masa sana'a, ya kuma tambayi harshen da zai koya, amsar da ake jefa masa kusan ɗaya ce: Sinanci, tunda masu magana da shi sun haura biliyan, ko Sifaniyanci, tunda ƙasashe kusan 20 ke aiki da shi. A ganina kallon kitse ake yi wa rogo. Yawan masu harshe yana nuna yawan waɗanda za ka iya gaisawa da su, amma bai ce akwai mai biyanka ba. Ƙasar da ke da mutane biliyan tana da dubban 'ya'yanta da suka ƙware a harsunan waje, su ne kuwa abokan gogayyarka.

Dubi abin da ya faru a Tarayyar Turai, mai harsunan hukuma 24. Harshen Irish, na ƙasar Ireland, ya shiga sahunsu a 2007, amma sai ranar 1 ga Janairun 2022 aka fara fassara dukkan dokokin Tarayyar zuwa gare shi, kuma ƙarancin ƙwararrun masu fassara na cikin manyan dalilan jinkirin. Masu magana da shi kullum, ban da a makaranta, ba su kai 100,000 ba, amma wanda ya iya shi ya kuma san doka, aiki ne ke nemansa. Inda buƙata ta fi masu iyawa yawa, nan kasuwa take.

Abu na biyu da masu ba da shawara ke tsallakewa shi ne, mai fassara harsuna biyu yake riƙe da su, kuma na gida ne jarinsa. Al'adar sana'ar ita ce mutum ya fassara zuwa harshen da ya fi ƙwarewa a kai, galibi na uwa. Ƙungiyar tafintocin taruka ta duniya, AIIC, wadda aka kafa a 1953, ta kasa harsunan membobinta uku: A shi ne na uwa, B wanda mutum ya naƙalta har yana iya juya magana zuwa cikinsa, C kuwa wanda yake ji sosai amma daga gare shi kaɗai yake juyawa. Saboda haka tambayar ita ce, me ake rubutawa da wancan harshen wanda masu harshena ke buƙata ba su samu ba? Na sha ganin fassarar da mai ita ya fahimci asalin sarai, amma da ya zo zubawa cikin harshensa sai jimlolin suka fito kamar an ɗaure su da igiya. Irin wannan ba sabon harshe yake buƙata ba, nasa zai koma ya gyara.

Sai lissafin lokaci. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta taɓa ƙiyasta cewa mai Turanci na buƙatar sa'o'i 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Faransanci, Sifaniyanci ko harshen Fotugal, Jamusanci kuwa kusan 900. Larabci, Sinanci, Japananci da harshen Koriya sa'o'i 2,200 ne, wato makonni 88 ba a sana'ar komai sai karatu. Wannan ma matakin gudanar da aikin ofis ne, bai kai na wanda zai fassara yarjejeniya ba. Lissafin kan sauya da inda mutum ya taso: wanda ya buɗe ido da haruffan Larabci ya riga ya ci rabin wata tafiyar da Ba'amurke zai fara daga tushe. Sai dai shi ma kada ya ruɗu, don Larabcin littafi daban, wanda ake yi a titunan Maroko ko Masar daban, tafinta kuwa da na titi yake cin karo a asibiti da kotu.

Na san za a ce na'ura ta zo ta ƙwace sana'ar. Akwai ƙamshin gaskiya. Google Translate ya fito a 2006, ya sauya salon aikinsa a 2016, DeepL ya biyo baya a 2017, yanzu ga ƙirƙirarriyar basira. Amma na'ura ta fi ƙarfi ne tsakanin manyan harsunan da rubuce-rubucensu suka cika intanet, kamar Turanci da Sifaniyanci, inda aikin mutane da yawa ya koma gyaran abin da ta fitar. Wato harshen da ya fi sauƙin koyo, shi ne sau da yawa wanda kwamfuta ta riga ka iyawa.

Shi ya sa nake ganin fanni ya kamata a fara zaɓa, harshe ya biyo baya. Ruwayoyi sun nuna Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa ne bisa umarnin Annabi (SAW) saboda wasiƙun da ke buƙatar karantawa da amsawa. Aikin ne ya kira harshen. Haka abin yake har yau. Mai sha'awar takardun mallakar ƙirƙira ya dubi Sinanci, Japananci, Jamusanci da harshen Koriya, tunda tun 2019 Sin ce kan gaba wajen shigar da irin waɗannan takardu ƙarƙashin tsarin WIPO, hukumar kare mallakar fasaha ta duniya. Mai son aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya ya san harsunanta shida ne: Larabci, Sinanci, Turanci, Faransanci, Rashanci da Sifaniyanci. Mai kallon ƙungiyoyin Afirka kuwa kada ya raina harshen Fotugal, wanda Tarayyar Afirka da ECOWAS ke aiki da shi, ga Angola da Mozambik, ga kuma Brazil a ƙetaren teku.

Kuma ɗaya za a kama, don taura biyu ba ta taunuwa. Kafin ka biya kuɗin kwas, nemi takardu goma na fannin da ka zaɓa, waɗanda aka riga aka fassara daga harshen da kake hari: hukuncin kotu, takardar bayanin magani, littafin sarrafa inji. Zauna ka karanta su daga bango zuwa bango. Irinsu ne za su cika teburinka shekara da shekaru, ba waƙoƙi da finafinan da suka fara ja maka hankali ba.