Ɗan jami'a da injin walda a hannu: ni ban ga abin kunya ba

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar makarantarmu, sai wani dattijo da nake ganin girmansa ya dubi yaran jami'ar nan da suka zo yi mana rumfar karatu, ya girgiza kai ya ce, "Malam, yanzu uba zai sayar da gero da akuya ya kai ɗansa jami'a, ƙarshenta a same shi tsugune a ƙasa yana walda?" Ban ba shi amsa a wurin ba, don ba a jayayya da babba a gaban mutane. Amma maganar ta hana ni sukuni, kuma na san ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim. Sau biyu ina gani da idona iskar farkon damina ta ɗauke rufin azuzuwanmu, kwano da katako gaba ɗaya, ta jefa a gonar maƙwabci. Sau biyun nan yara sun shafe watanni suna karatu a gindin bishiya, da hadari ya haɗo sai a tashi. Ginin nan ba da ka aka yi shi ba, akwai zane, akwai hatimi. Amma da muka hau muka duba, sai muka tarar ba a ɗaure rufin da linta ba, an ɗora shi ne kawai an soka ƙusa da 'yar waya. Wanda ya zana bai taɓa tako ƙauyenmu ba, bai san yadda iskar gabas ke shiga ƙarƙashin kwano ta ɗaga shi ba. Wanda ya yi aikin kuwa babu mai tsaya masa a kai.

To, yaran nan masu karatun zanen gine-gine ne, su goma sha huɗu da malaminsu, kuma sharaɗin aikin shi ne abin da suka zana su za su gina da hannunsu. Na zauna da su kusan kullum bayan an tashi makaranta, abin da na gani shi zan faɗa.

Zanen da suka zo da shi a kwamfuta kyakkyawa ne ƙwarai. Rana ta farko suka shimfiɗa shi a gaban mai waldar garinmu, mutumin da bai wuce makarantar allo ba amma ya fi shekara 30 yana wannan sana'a. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a wata kusurwa inda ƙarfe biyar suka haɗu, ya ce da yaron da ya zana, "Ɗana, a nan ta ina hannunka zai shiga?" Yaron ya yi shiru. Aka ba shi gilashi da safar hannu ya gwada, hannun bai shiga ba. Daren nan da fitilar waya suka sake zanen.

Daga nan karatu ya fara. Suka koyi cewa zafi na jan ƙarfe, in ka bi gefe ɗaya da walda har ƙarshe, kafin ka waiwayo ƙarfen ya karkace, don haka sai an fara ɗiga masa kaɗan-kaɗan a kusurwoyi, a auna, a sake aunawa, sannan a cike. Suka koyi cewa siririn bututu ba ya son wuta mai ƙarfi, ɓula shi take yi. Suka koyi ƙwanƙwasa dattin walda su ga ko abin da ke ƙasa ya kama ko kwalliya ce kawai. Suka gane cewa rodi tsawon mita 12 yake zuwa daga kasuwa, in ka zana ba tare da lissafin wannan ba, guntayen da za a zubar kuɗin talakawa ne. Kuma da yake babu wutar lantarki a nan, da janareta ake aiki, kowace walda da aka warware aka sake, mai ne ya ƙone. Wata ɗaliba, da hijabinta da rigar fata a sama saboda tartsatsi, ita ta fi kowa tsayayyen hannu, har Baba mai walda ya ce in da tasa ce da ya bar mata shago. 'Yan matan ajina na shida sun yi ta leƙe ta taga, kuma ni wannan kaɗai ya biya ni.

Abin da ya fi damuna a maganar dattijon nan shi ne mu Hausawa ba haka muka gada ba. Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani, shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, masallacin da har yau masana ke zuwa kallon bakan gizonsa, wato ginin nan mai lanƙwasa kamar baka da ke ɗauke da rufin soro. Shi ne mai tsarawa, shi ne mai ginawa. Maginanmu na da sun san tsawon azara, sun san iyakar nauyin da za ta ɗauka, wannan sanin ne ya haifar da ɗaurin guga da bakan gizo da muke alfahari da su a Gidan Makama da Gidan Rumfa. Sun san ƙasar da ke yin tubali da wadda ba ta yi, sun san makuba, sun san inda za a sa indararo ruwa bai ci bango ba. A fada ma akwai Sarkin Magina, sarauta ce guda. Yaushe muka fara ganin mai riƙe biro ya fi mai riƙe cokalin gini daraja, har muka raba su biyu?

Ko a yau ma, ku dubi Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso. Da kafinta ya fara kafin ya yi karatun zanen gini a Jamus. Firamaren da ya gina wa ƙauyensu aka kammala a 2001, da bulon ƙasa aka yi ta, rufin kuma a kan rodi aka ɗaga shi, mutanen gari suka yanka suka yi walda da kansu, aka bar sarari iska na ratsawa don aji ya yi sanyi. A 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a wannan fanni, shi ne ɗan Afirka na farko da ya samu.

Muna da sassan koyar da wannan ilimi a Zariya da Kano da Wudil, muna kuma da tsarin SIWES tun 1973, wanda ake tura ɗalibi wurin aiki na wasu watanni don ya taɓa aiki kafin ya gama. Niyyar mai kyau ce. Roƙona shi ne watannin nan kada su ƙare a ofis gaban kwamfuta, a turo yaran wurin yashi da siminti.

Sai dai ina da sharaɗi biyu, kuma na faɗa wa malaminsu baki da baki. Ƙauye ba wurin gwaji ba ne, 'ya'yanmu ne za su zauna a ƙarƙashin ƙarfen nan, don haka duk waldar da ɗalibi ya yi sai gwani ya duba ta, wadda ba ta kama ba a yanke. Na biyu, Baba mai walda da birkilan da suka koyar da su malamai ne, a biya su kuɗin koyarwa, a sa sunansu a rahoton aikin. Ba daidai ba ne yaro ya kwashi ilimin shekara 30 ya tafi ya ci maki, mai ilimin a sallame shi da "mun gode".

An gama rumfar, wannan karon an tsuke ƙafafun rufin da rodin da aka binne cikin kankare. Sun ce za su dawo a watan Agusta su ga yadda ta yi da ruwa. Na ware littafi guda a ofis, duk inda ya ɗiga da ranar da ya ɗiga zan rubuta musu, shi kuma dattijon nan na yi niyyar in roƙe shi ya zo mu zauna a ciki ranar da hadarin farko ya taso.